Yadda za ki bi da Afolo kafin ya zagaye gida da aji

Yaro ya tashi da safe ido ya yi jajur, kwantsa ta manne gashin ido, yana cewa kamar an zuba masa yashi a ciki: Afolo ke nan. Daga Gana sunan ya fito, inda ciwon ya ɓarke a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Ki bambanta shi da ƙaiƙayin ƙurar hunturu, wanda ke kama ido biyu lokaci guda, da hawaye kawai, kuma ba a ɗaukarsa.

Wajen goge ido iyaye suka fi yin kuskure, ni ma nan na yi nawa. Da ƙyalle ɗaya na riƙa goge wa babban ɗana, in shanya a igiya, ƙannensa su zo su share fuska da shi bayan alwala. Kafin mako ya ƙare duk su ukun ido ya rine.

Ki tafasa ruwa, ki bari ya huce. Ki wanke hannu da sabulu, ki tsoma auduga, ki share daga gefen hanci zuwa waje, shafa ɗaya, ki jefar. Kada ki mayar da ita cikin kwanon. Kowane ido da tasa audugar, ko da ɗayan lafiyarsa lau. Ƙunshin auduga ɗaya na kemis zai kai ki har ya warke, ya fi kuɗin maganin yara uku sauƙi. Kin gama, ki sake wanke hannu, wannan karon har da na yaron.

Ban yarda a ɗiga ruwan sukari, nonon uwa, lemun tsami ko fitsari ba, ko wa ya ce ya gwada. Haka maganin ɗigawa mai dexamethasone da ake miƙowa a kemis: yana kashe jan, amma yana iya lalata ido. Yawancin Afolo bairas ne, yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In kwantsar rawaya ce mai kauri, ma'aikacin lafiya zai iya rubuta chloramphenicol, maganin ido mai kashe ƙwayoyin bakteriya. Zafi mai tsanani, gani dishi-dishi, gudun haske, farin ɗigo a baƙin ido, ko jariri ne, asibiti a ranar.

Ki ware masa tawul da matashin kai, ki ɗauke kwalli daga hannun kowa. Ya huta da boko da Islamiyya sai kwantsa ta tsaya, ki sanar da malaminsa ya sa 'yan aji wanke hannu. Kallon idonsa ba ya sa wa kowa ciwon, hannu ne ke ɗauka.