Kurakuran da sababbin 'yan farauta ke yi wa karnukansu

Duk shekara da an gama kaka ciyawa ta bushe, sai ka ga samari sun cika akori-kura da karnuka an nufi daji. A dawo da zomaye huɗu, an baro kare biyu a can. Na gaji da gani, shi ya sa zan faɗa.

Babban kuskure shi ne horon yunwa. Wai a hana kare abinci kwana biyu don ya yi zafin kamu. Ni ma na taɓa yarda da wannan shirmen, kuma shi ya ci mini Duna, baƙin karen da na raina tun yana kwikwiyo. Cikin bazara ne, watan Afrilu. Na fito da shi ciki ba komai, gorar ruwa ɗaya tal a kafaɗata, ita ma don kaina. Ya tashi gada wajen hantsi, ya bi ta har na daina jin haushinsa. Da na same shi a gindin wata kalgo, harshe ya zazzago, yawu ya yi kauri kamar dalaki, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa. Ya ɗago kai ya dube ni, ya kaɗa jela sau ɗaya. Kafin azahar ya mutu. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma karen da ya yarda da kai ba zai tsaya don ya gaji ba, sai ya faɗi. Yanzu da daddare nake ba karnukana tuwo da romo su ƙoshi, da asuba ɗan kunun dusa. Jarka guda tasu ce, da tsohon kwano a burgami. Rana na take tsaka kowa ya nemi inuwa, ko Sarkin Baka ne ya ce a ci gaba.

Na biyu, duka. Kai da ka kira kare ya makara, ya iso ka sa masa gora, me ka koya masa? Ka koya masa cewa zuwa wurinka wahala ce. Gobe ya kama zomo, gaba zai yi da shi ya cinye a kurmi, ka dawo kana cewa kare ɓarawo ne. Kai ne ka lalata shi! Nawa ko da ya ɓata mini rai, in ya zo sai na shafa kansa. In na feɗe nama kuwa, kayan ciki rabonsa ne, daga hannuna, nan take.

Kada ka sayi kare ranar Laraba ka kai shi daji Asabar, ba a fafe gora ranar tafiya. Bai san muryarka ba, bai san fito ɗinka ba. Aron kare ma ban yi, ban bayarwa.

Kwikwiyon da bai kai wata 8 ba, bar shi ya bi manya a bayan gari wajen gafiya da kurege tukuna.

Kaska a cire da hannu, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Masu yi wa kare wanka da maganin feshin gona, da masu ɗura masa tramadol wai don ya yi gudu, Allah ya shirye ku.

Allurar haukan kare tun yana wata 3, sannan duk shekara, wurin likitan dabbobi. In ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti.

Sai bisimilla lokacin sakin kare, wadda aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da ita. Ihu da kirari kan sa yara su manta. In kuwa ka ga ramin beguwa, kama igiyar karenka ku ratse, ƙayarta ta tsiyayar wa ƙanen Duna ido ɗaya.