Yadda za ka fita waje ka zana fili da fenti

In ka isa wurin kar ka yi saurin buɗe jaka. Zauna tukuna ko na minti goma ne, cire abin kunne, sa waya a aljihu, ka bar idonka ya yi yawo har ka gane me ya tsayar da kai a nan ɗin, wataƙila inuwar wata bishiya ce ta kwanta kan ciyawa, ko hasken da ke leƙowa ta bayan dutse, ko kuma kawai wurin ne ya yi tsit har ka ji zuciyarka ta sauka. To wannan abin shi ka zo zanawa, sauran duk ’yan rakiya ne. Masu koyo da yawa so suke su kwashe komai su zuba a allo ɗaya, bishiya, rafi, gajimare, tsuntsu, ƙarshe mai kallo ya rasa inda zai ajiye ido.

Kaya kuma kar ka jibga. Ƙaramin allo, burushi uku, tsumma, fensir, hula da ruwan sha. Kala biyar sun isa: shuɗi, rawaya, ja, ruwan ƙasa da fari. Ni dai ban ba ka shawarar koren kwalba ba, haɗa naka da shuɗi da rawaya ka ɗan ɗiga ja, don koren ganye na gaske bai cika ƙyalli haka ba. Mu ma mun samu sauƙi gaskiya, sai a 1841 wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun fenti da ake matsawa, kafin nan a mafitsarar alade ake ɗaure fentin mai, ka huda ka matse, ragowar ya bushe.

Yanke taga a jikin kwali ka riƙa leƙawa ta ciki har ka samu yankin da ya yi maka, ka yi ɗan zanen fensir kamar girman tafin hannu. Sai ka kanne ido ka dubi filin, ƙananan abubuwa za su ɓace, ya rage duhu da haske kawai. Fara da duhun. Shafa inuwoyi tun da farko ka bar su a inda suke, saboda rana ba ta jiran kowa, bayan awa biyu inuwar ta koma wani gefen, in kuwa ka ce binta za ka yi ta yi kana gyarawa wallahi zanen caɓewa zai yi. Mai zane ɗan Faransa Claude Monet da yake zana tulin alkama a Giverny ta Faransa a 1890 zuwa 1891, alluna da yawa yake jerawa, haske na canzawa ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Kai allo ɗaya gare ka, don haka zaɓi haske ɗaya ka riƙe.

Abin da ke nesa ya fi dusashewa kuma yana karkata zuwa shuɗi saboda iskar da ke tsakaninku, na kusa ya fi duhu da kaifi. Kuma kar rana ta bugi allon kai tsaye, nemi inuwa ko ka kafa laima, in ba haka ba sai ka koma ɗaki ka ga duk kalolin sun yi duhu.

Yadda ka ji wurin ya kamata ya shiga hannunka. In iska ce ke kaɗawa saki burushin ya yi gudu, in wurin ya yi lum ja layuka a kwance a hankali. Rubuta lokaci da yanayin garin a bayan allon.

Da ka ga ka fara ƙirga ganye ɗaya ɗaya, tattara. Ruwan wankin burushi a kwalba za ka juye ka tafi da shi, kar ka zubar a ƙasa ko rafi. Fentin mai kuma yana kwanaki bai bushe ba, sa allon cikin kwali mai zurfi yadda babu abin da zai taɓa fuskarsa.