Ƙwai Mai Laushin Ɓawo: Abin da Ya Kamata Ki Zuba wa Kajinki

Idan kika shiga akurki da safe kika tarar da ƙwai lugub, ba ɓawo sai 'yar fata, ko kuma ɓawon yana nan amma da kin taɓa sai ya rufta, fara duba kwanon abincin kajin tukuna kafin ki tafi neman magani. Sau da yawa daga nan matsalar take.

Da sinadarin kalsiyam ake gina ɓawon ƙwai. Kowane ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2 a ɓawonsa, kuma da yake ba duk abin da kaza ta ci ke shiga jininta ba, tana buƙatar wajen giram 4 a kullum. Masara, dawa da gero kuwa kusan babu komai na kalsiyam a cikinsu. Dusa ma haka, ga ta da yawan sinadarin fosfaras, wanda idan ya rinjayi kalsiyam sai ɓawo ya ƙara lalacewa. Kazar Hausa tana tsira ne saboda ƙwanta kaɗan ne: ta yi goma sha, ta hau kwanci, ta huta, tana yawo tana tsintar ƙwari da tsakuwa. Amma irin su Shika Brown da Noila da sauran kajin gidan gona, masu zuba ƙwai da yawa, dusa da ragowar tuwo ba za su riƙe su ba. Idan kaza ba ta samu kalsiyam a abinci ba, daga ƙashinta take cirowa, shi ya sa za ki ga mai yawan ƙwai ta fara ɗingishi, wata ma ta durƙushe.

Ni abin da nake yi, kwano biyu nake ajiyewa. Ɗaya na abinci, ɗaya ƙarami na tsakuwar laimiston (wani dutse mai yawan kalsiyam) ko dakakken ɓawon kawa, waɗanda ake samu wurin masu sayar da abincin kaji. Ba na cakuɗa su. Mai ƙwai ta san tana buƙata, za ta je da kanta ta tsattsaga, zakara da 'yan tsaki kuwa ba su cika kula shi ba. Wannan yana da muhimmanci idan kajinki a haɗe suke, domin kalsiyam mai yawa yana lalata ƙodar ɗan tsako. Abincin masu ƙwai na buhu ma kada ki ba ƙanana.

Ki nemi mai tsakuwa-tsakuwa, kamar girman ƙwayar dawa, kada ki karɓi mai laushi irin gari. Ga dalili. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, kuma kusan awa 20 daga ciki ɓawo ake ginawa, akasari cikin dare, lokacin da kaza take barci ba ta cin komai. Gari yana wucewa ta hanji da wuri tun da rana. Mai tsakuwa kuwa yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali har asuba. Saboda haka bayan la'asar nake leƙa ƙaramin kwanon, in ƙara idan ya yi ƙasa.

Ɓawon ƙwan da kuka ci a gida kada ki zubar. Ki wanke, ki shanya a rana, ki ɗan gasa a busasshen kasko har ya yi rauni, sannan ki daddaka a turmi sama-sama. Gashin yana kashe ƙwayoyin cuta, dakan kuma yana ɓatar da kamanninsa, don kaza in ta saba ganin ɓawo guda tana ci, gobe ƙwanta za ta fasa, kuma raba ta da wannan hali aiki ne. Sai dai ɓawon kaɗai ba ya isa, tunda rabin buƙatarta kawai yake mayarwa. Garin ƙashi yana taimakawa. Mai haɗa abinci da kanta ta sa kusan kilo 1 na laimiston a cikin kowane kilo 10, da sikeli, ba da mudu ba, don dutse ya fi hatsi nauyi. Kanwa kuma ba ta cikin wannan lissafi, gishirinta ne ya fi yawa.

Ki bar su su sha hantsi. Da hasken rana jikin kaza ke samar da bitamin D, wanda idan babu shi kalsiyam ɗin wucewa kawai zai yi.

A watannin Maris da Afrilu za ki iya yin duk wannan amma ɓawo ya yi sirara. Zafi ne. Kaza tana rage ci, sannan hakin da take yi yana fitar da iskar da jikinta ke haɗa ɓawo da ita. Ki yi musu rumfa, ruwa mai sanyi daga randa kada ya yanke, abinci kuma da sassafe da yamma.

Budurwar kaza da ta fara ƙwai takan jefo mai laushi ɗaya ko biyu kafin jikinta ya daidaita, tsohuwa kuma ƙwanta ƙara girma yake ɓawon yana raguwa. Waɗannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan kaji da yawa suka fara tare, ƙwan ya yamutse ko ruwansa ya tsinke, ga tari, ga koren zawo, wata ta murɗe wuya, musamman da hunturu, to wannan ya wuce batun abinci, yana iya zama cutar Niyukasil ko ta mashaƙo. Ki ware marasa lafiyar nan take, ki kira likitan dabbobi, sauran kuma ki tambaye shi batun rigakafinsu.