Yadda Likitan Cututtuka Masu Yaɗuwa Zai Jagoranci Sa Ido Kan Antibayotik a Asibiti

Shugabancin farko da akan ɗora wa likitan da ya ƙware a cututtuka masu yaɗuwa sau da yawa shi ne na kwamitin da ke sa ido kan yadda ake rubuta antibayotik, wato magungunan da ke yaƙar ƙwayoyin cuta na bakteriya. Kada ya ɗauki aikin shi kaɗai. Yana bukatar mai harhaɗa magunguna, da masanin ƙwayoyin cuta daga ɗakin gwaje-gwaje, da nas mai kula da hana yaɗuwar cuta, sannan takardar amincewa daga hukumar asibiti. In babu takardar nan, shawararsa ba ta wuce baki.

A fara da ƙidaya. A zaɓi rana guda a zaga ɗakunan kwanciya: mutum nawa ke kan antibayotik, wane iri, don me, kwana nawa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku: na farawa da su kamar amoksisilin, na taka-tsantsan kamar seftiriyakson, da na ajiya kamar kolistin. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin kashi 70 cikin ɗari na abin da ake amfani da shi ya fito daga gida na farko kafin 2030. Da wannan ma'auni za a auna ƙidayar.

Ɗibar jini don gano ƙwayar cuta nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ana ɗiba kafin a ba da magani, daga wurare biyu a jiki, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba. Jini kaɗan yakan ba da sakamakon ƙarya cewa babu komai, fatar da ba a goge da kyau ba kuma takan shigar da ƙwayar da ba ita ce cutar ba, a yi ta ɗirka wa mutum magani a banza. Bayan awa 48 zuwa 72 a sake duba kowane majiyyaci: a tsayar da maganin, ko a sauya shi da wanda sakamakon ya nuna, ko a koma na haɗiya idan zazzaɓi ya sauka kuma yana cin abinci.

Antibayotik na kafin tiyata kuwa, allura ɗaya cikin awa guda kafin a yanka takan wadatar, bai kamata ya wuce awa 24 ba.

Duk shekara a fitar da jadawalin ƙwayoyin da ke bijire wa magani, amma kada a yanke hukunci kan nau'in da samfurinsa bai kai 30 ba.

Sai batun manya. Babban likitan da aka yi wa gyara a gaban ɗalibansa da wuya ya sake sauraron kwamitin. A same shi a keɓe, a ajiye masa alƙaluman sashensa, a bar shi ya faɗi abin da zai fara ragewa.