Yadda za ka fara bincike kan AI da netwok ɗin waya

Kusan kullum sai wani ya turo min saƙo wai yana son yin mastas a harkar AI da netwok, ta ina zai fara. To ka ajiye AI ɗin tukuna, wallahi nan yawanci ake tuntuɓe. Fara da sigina. Ka gane me ya sa sabis yake cike a tsakar gida amma kana shiga ƙuryar ɗaki sanda biyu sun ɓace, yadda bango ke cinye sigina, yadda take karo da gini ta iso wayarka ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Sai lissafin yiwuwa (probability) da na matiris (matrix), sannan yaren rubuta manhaja na Python da PyTorch, kayan aikin gina AI da horar da shi.

Daga nan ka ɗauki matsala ɗaya ƙarama, kar ka ce "zan gyara 6G". Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin netwok, a kundin ƙa'idojinta na Release 18 abu uku ta duba inda AI zai iya taimakawa: matse rahoton yanayin sigina da waya ke mayar wa turken sabis, zaɓen inda eriya za ta saita sigina, da gano inda waya take. Ɗauki ɗaya ka riƙe shi.

Maganar ba ni da lab kuma ba uzuri ba ce yanzu. Akwai DeepMIMO, tarin bayanan sigina na gwaji, da ya fito daga jami'ar jihar Arizona a 2019, akwai Sionna na kamfanin NVIDIA tun 2022, ga ns-3, su biyun manhajojin kwaikwayon netwok ne a kwamfuta, duk kyauta, in laftof ɗinka ba ta da ƙarfi ka hau Google Colab, inda za ka yi aiki da kwamfutocin Google ta intanet, amma don Allah ka riƙa adana aikinka a Drive saboda ana ɗauke wuta ko data ta ƙare shi ke nan ka dawo farko.

Ka samo takardar bincike ɗaya a arXiv, shafin da masu bincike ke ɗora takardunsu, ka maimaita sakamakonta da hannunka, ka kuma gwada da tsohuwar hanya irin MMSE, wato lissafin ƙiyasta sigina ba tare da AI ba, don wani lokaci ita ce ke cin AI ɗin. Ni na taɓa yin sati uku ina murna, ashe bayanan da nake gwada AI ɗin da su sun gauraye da waɗanda na horar da shi da su, malamina kallo ɗaya ya yi wa giraf ɗin ya ce "je ka sake rabawa".

In za ka rubuta wa farfesa imel, layi biyar sun isa, ka saka link ɗin GitHub ɗinka, wato shafin da ka ajiye manhajar da ka rubuta, ka faɗi takardarsa da ka maimaita da inda lambobinku suka saɓa.