Kiran intanet a wurin sana'a: kurakuran da ke cinye ribar

Na gaji da ganin 'yan kasuwarmu na Marwa da Kusiri a Kamaru suna murna sun daina kiran layi zuwa Kano, Dubai da Guangzhou, sun koma WhatsApp, amma wata ya ƙare kuɗin waya bai ragu ba.

Kuskure mafi muni shi ne a buɗe WhatsApp ɗin shago da layin yaron shago. Akwai yaron da ya yi mini aiki, duk masu turo mana kayan gyaran babur daga Sin lambarsa suka sani, da shi suke ciniki. Ranar da ya buɗe nasa shagon ya tafi da layin, da mutanen, da hotunan rasit, da duk farashin da aka daddale. Ba yadda zan yi, tunda da katin shaidarsa aka yi wa layin rajista. Alhaji, idan kai ne mai shago, je da ƙafarka ka sayi layi da sunanka, ka sa WhatsApp Business a kai. Ka kunna lambar sirrin WhatsApp mai alƙaluma 6 da ke kare asusunka, kai kaɗai ka san ta. Wayar ta kwana a shago. Lambar tabbatarwa da WhatsApp ke turowa ta saƙo kuma kada a karanta wa kowa, ko da ya rantse daga kamfani yake kira, domin da ita ake sace asusu a bi abokan cinikinka ana roƙon kuɗi da sunanka.

Na biyu ya shafi mutanen bakin iyaka. Kusiri da Injamena kogi ne kawai tsakaninsu, waya tana iya tsallakawa layin Chadi kana zaune a rumfarka. Datar da ka saya ta gida ce, sai waya ta koma cin kuɗin kati kana ta zuba surutu. Wai sai mutum ya zo yana cewa an yi masa sata! Kai ka bar ƙofa a buɗe. Ni na kashe datar ƙetare gaba ɗaya, kuma da hannu nake zaɓar layi. Mai tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena kullum ya riƙe waya mai layi biyu: MTN ko Orange a nan, Airtel ko Moov a can. WhatsApp zai ci gaba da aiki da lambarsa ko wane layi ne ya ba shi data.

Kiran bidiyo yana shan data ninkin na murya, a bar shi sai za a duba kaya. Farashin da aka yanke a baki a rubuta shi a saƙo nan take, ɗayan ya amsa. Sin tana gabanmu da awa 7, Dubai da awa 3, don haka mai kiran Guangzhou bayan azahar ya makara. Wanda ya bar kuɗi a manhajar kira ta Skype kuwa ya sani Microsoft ta rufe shi a watan Mayun 2025.

Kada kuma a dogara da hanya ɗaya. A Chadi an toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019. Shi ya sa nake barin kuɗin kati a layin shago, lambobin manyan abokan ciniki kuma suna rubuce a littafin bashi.