Yadda za ka karanta tarihin masu alkimiyya: fara da wanda ya sayi gawayi

Idan kana son fahimtar mutanen nan na Turai da suka nemi mayar da dalma zinariya tsakanin ƙarni na 16 da na 18, kada ka fara da littattafansu masu cike da alamomi. Fara da ɗakin aikinsu. Mu mazauna Makka da Jidda abin bai yi mana nisa ba. Hau Ɗa'ifa a watan Afrilu, lokacin tsinkar wardi, ka shiga inda ake tatsar ruwansa. Tsaya kusa da tukunyar tagulla ka ga yadda ake liƙe murfi, tururi ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya fito ɗigo-ɗigo a kwalba. Irin aikinsu ke nan, sai dai wutarsu kan yi makonni ba ta mutu ba.

Daga nan, ɗan'uwa, tambayi kanka: wa ke sayen gawayin, da kwalaben da ke fashewa, da abincin yaran da ke kwana a bakin murhu?

Tycho Brahe, masanin taurari ɗan ƙasar Denmak, ya dace da ubangida. Sarkin Denmak, Frederick II, ya ba shi tsibirin Hven a 1576. Can Brahe ya gina gidan bincikensa mai suna Uraniborg, a sama yana duban taurari, a ƙarƙashin ƙasa murhu 16 na haɗa magunguna. Da sabon sarki ya janye hannu, a 1597 ya tattara ya bar ƙasar.

Sai ka binciki abin da mutumin ya yi alkawari, don da yawansu rubutacciyar yarjejeniya suka ƙulla da masu mulki. Edward Kelley, wani mai alkimiyya ɗan Ingila, ya isa birnin Prag a 1584. Sarki Rudolf II, mai fada a birnin, ya ɗaukaka shi, sannan ya kulle shi a 1591, zinariya kuwa shiru. Wani kuma, Georg Honauer, ya ce wa mai mulkin Württemberg a Jamus zai mayar da ƙarfe zinariya. A 1597 aka rataye shi a Stuttgart, a kan gungumen ƙarfe. Wannan yana taɓa ni ƙwarai. Akwai mayaudara a cikinsu, babu musu, amma mai biya ma kwaɗayi ne ya kai shi.

Kada ka rufe littafi ba ka duba abin da ya fito daga murhun ba. Augustus mai mulkin Saksoni a Jamus ya tsare wani mai alkimiyya, Johann Böttger, shekara da shekaru don ya yi masa zinariya. Abin da ya samu shi ne farin tangaram irin na Sin, har aka kafa masana'antarsa a Meissen a 1710.